Mutum Ɗaya na Kiɗa, Dubu Biyu na Danne Tari

Shekarata goma sha ɗaya a Landan, kuma bakwai daga ciki ina da wata ɗabi'a da ban cika faɗa wa mutanen gida ba. Nakan cire kuɗina in sayi tikiti, in je in zauna awa biyu ina kallon mutum ɗaya yana kaɗa fiyano. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu ko kalangu. Wani dattijon Bature da muke aiki tare ne ya fara ja na, ranar da mura ta kwantar da matarsa tikitinta ya rasa mai shi. Na je ne don kada in watsa masa ƙasa a ido, sai abin ya kama ni kamar cin goro.

Gidan da na fi zuwa shi ne Royal Festival Hall, a bakin Kogin Thames, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. An buɗe shi a 1951, kujerunsa sun haura 2,500, a jikin bangon hagu da na dama kuma akwai wasu 'yan barandoji da suka turo kai waje kamar durowar da aka jawo aka manta ba a mayar ba. Can ƙasa a kan dandamali abu ɗaya ne tal: baƙin fiyano ƙirar Steinway, tsawonsa wajen ƙafa tara, nauyinsa ya doshi rabin tan, baki buɗe da haƙora 88, farare 52, baƙaƙe 36. Ƙarfe bakwai da rabi na yamma sai a rage fitila, mai kiɗa ya fito ta ƙofar gefe, ya rusuna, ya zauna. Ko sallama babu.

Dokar gidan guda ce, a yi shiru. Mu da muka tashi da kiɗan Shata, inda in waƙa ta ratsa ka sai ka miƙe ka yi liƙi mata su rangaɗa guɗa, wannan doka tana mana nauyi. Ɗanmaraya Jos ma shi kaɗai yake fitowa da kuntiginsa, amma ban taɓa jin an harari wani don ya ce "sai kai" ana tsakiyar waƙa ba. A hankali na gane cewa shirun nan shi ke tona asirin mutane. Hayaniyar kasuwa tana rufa wa kowa asiri. Inda kuwa ake jin haɗiyar yawun maƙwabci, ko ƙaramin hali sai ya yi ƙara. A shekara bakwai na san jama'ar gidan fiye da yadda na san dangin matata, duk da ban san sunan ko ɗaya ba. Ni na raɗa musu nawa.

Sarkin Tari shi ne mai gari, da shi za a fara. Na sha lura da shi tun daga waje. Ba ya tari a tasha, ba ya tari a layin karɓar tikiti, ba ya tari lokacin da mai kiɗa ke dukan fiyano kamar ana tsawa, inda ko jaki ya yi kuka ba za a ji ba. Jira yake. Akwai wani dogon kiɗa da Schubert ya gama a watan Satumba na 1828, wata biyu kafin ya mutu yana ɗan shekara 31. A zangonsa na biyu sautin yakan sirance har ya zama kamar zaren gizo-gizo, mutum dubu biyu kowa ya riƙe numfashi. To, nan ne Sarki yake sakin nasa, daga ƙasan ƙirji, har da ɗan gyaran murya a ƙarshe kamar liman zai tayar da salla. Ba ya tafiya shi kaɗai kuma. Da ya yi, sai wani bafade ya amsa daga bene, wani daga can baya, wata daga barandar dama, kamar zakaru da asuba.

Fadawan nan iri biyu ne. Akwai mai tarin isa, wanda ko hannu ba ya karewa, ai da kuɗinsa ya shigo. Akwai kuma mai danniya, wanda ni shi nake tausaya wa. Abin yakan fara masa da ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ya haɗiye. Ya dawo. Ya cusa hankici a baki, ido ya kawo ruwa, kafaɗu su fara rawa har layin kujerun duka ya ɗauki girgiza, fuska ta yi ja kamar gauta. Minti uku yana wannan jihadi, daga ƙarshe abin ya ɓalle ninki uku, kuma daidai wurin da ya fi kowane shiru. Da tun farko ya yi ɗan guda ɗaya da an wuce wurin. Na san haka don ranar wata Talata ta hunturu ni ne shi.

Tsakanin zango da zango kuwa, inda mai kiɗa kan ɗaga hannu na 'yan daƙiƙu, gidan duka yakan ɗauka gaba ɗaya, ka rantse ɗakin jiran likitan ƙirji ne a tsakiyar hunturu. Har waɗanda ba su da tari suna yi, na ajiya, saboda gaba. Makaɗan sun daɗe suna yaƙi da wannan masarauta. Alfred Brendel, wanda ya yi ritaya a 2008, ya shahara da juyowa ya zuba wa mai tari ido ta cikin tabaransa mai kauri, har waƙar ba'a ya rubuta a kan masu tarin birnin Cologne na Jamus. A watan Disamba na 2014, a wannan gida da nake zuwa, shahararriyar mai goge 'yar Koriya ta Kudu, Kyung-Wha Chung, ta yi wa iyayen wata yarinya mai tari magana daga kan dandamali, jaridu suka yi kwanaki suna ja-in-ja a kai. Mutum ɗaya ne ya taɓa yi wa masu tari adalci, Ba'amurken nan John Cage, da ya tsara wani "kiɗa" a 1952 wanda mai fiyano zai zauna minti huɗu da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba. Duk abin da aka ji a ɗakin shi ne kiɗan. A ranar Sarkin Tari shi ne gwani.

Maganin tari alewa, shi ya kawo mu ga Iya Mai Alewa. Ita mutuniyar kirki ce, kirkin nata ne ma bala'in. Ta san ƙarar ledar alewa laifi ce, don haka ta yanke shawarar ta ɓare ta a hankali. Aikin daƙiƙa ɗaya sai ya ci minti huɗu. Da farko zif ɗin jaka, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Sai lalube, makullai su gaisa da kwalbar magani. Sai ledar: ƙaras, ta tsaya. Ƙaras, ta tsaya ta duba ko an ji. An ji, Iya, har mai kiɗa ya ji. In ta samu ta jefa a baki kowa ya sauke ajiyar zuciya, sai ta fara ninke ledar gida huɗu, saboda ba ta son zubar da shara.

Wanda ke gabanta kuwa Ɗan Doka ne, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba a biyansa, amma bai taɓa fashi ba. Hukuncinsa hawa-hawa ne. Laifin farko, ya juya wuya rabi. Na biyu, ya juyo gaba ɗaya ya yi harara ta saman tabarau. Na uku ya saki "shhh" ɗin da ya fi laifin ƙara sau goma, ya farkar da masu barci layi shida. Ina zargin bai taɓa jin kiɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kunnensa na wajen sintiri. Wani dare waya ta fara kuka a layinmu, shi kuwa ya shiga raba harara hagu da dama kamar mai rabon zakka. Ta yi kuka ta ƙara, ta ƙara, sannan aka ga hannunsa ya fara saɗaɗawa zuwa aljihun kwat ɗinsa. Wanzami ba ya son jarfa. Bayan hutun rabin lokaci kujerarsa babu kowa.

Ita waya dama ta riga ta shiga tarihin gidajen nan. A Janairun 2012 madugun makaɗan birnin New York, Alan Gilbert, ya tsayar da kiɗan Mahler cak saboda wata iPhone da ta ƙi yin shiru a layin gaba. A 2013 a garin Essen, Krystian Zimerman ɗan ƙasar Poland ya hango wani yana ɗaukarsa bidiyo, ya tashi ya bar dandamali, da ya dawo ya ƙarasa kiɗansa amma ya hana kowa gyara, wato ɗan ƙarin kiɗan da akan yi a ƙarshe. Abin dariyar shi ne, tsohuwar ƙarar Nokia da ta addabi makaɗa shekara da shekaru, ita ma tsinto ta aka yi daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega na Sifaniya ya tsara a 1902. 'Yar gida ce ta dawo da rigar baƙi.

Hutun rabin lokaci minti ashirin ne, kowa da abin da ya dame shi. Mata na layin banɗaki, wasu na layin askirim ɗin da ake sayarwa a 'yan ƙananan kofuna da cokalin katako, ni kuma in bazara ce ko kaka ina can ina neman lungu a ƙarƙashin matattakala don Magariba ta riske ni. A wannan fili ne Malam Na-ga-jiya yake buɗe majalisa.

Za ka gane shi da tsohuwar kwat mai faci a gwiwar hannu da jakar leda cike da takardun tsarin wasa na shekarun baya. Kada ka kuskura ka ce masa kiɗan ya yi daɗi. Zai dube ka da tausayi, irin kallon da ake wa yaron da ya yaba tuwon makarantar kwana, ya ce, "Ba laifi. Amma ni na ji Richter ya kaɗa wannan a nan, a 1961." Kuma ba lallai ƙarya yake ba, Sviatoslav Richter ya fara wasa a Landan a shekarar, Horowitz ma ya zo wannan gida a 1982. Matsalar ita ce a wurinsa sharaɗin gwaninta shi ne mutuwa. Rubinstein ya cika sharaɗi a 1982, Horowitz a 1989, Richter a 1997. Duk wanda ke numfashi yaro ne, ko da ya haura saba'in. Wannan yana sauri da yawa, wancan yana taka feda kamar direban tirela, waccan yatsu gare ta amma babu zuciya. Lang Lang ɗan wasan kwaikwayo ne. Yuja Wang kuwa zai yi minti goma a kan gajartar rigarta da tsinin takalminta kafin ya tuna ta kaɗa wani abu. Amma ka bincika, bai taɓa rasa wasanta ko sau ɗaya ba, kuma a layin gaba.

Na saba da irinsa tun a gida, dattawan da ke cewa tun da Shata ya rasu a 1999 aka rufe littafin waƙa. Bambancin kawai, namu in an sa musu kaset ɗin Shatan sukan ji daɗi. Shi wannan ina jin ko Richter aka tono masa zai ce na 1961 ya fi. Akwai wani irinsa da ya taɓa rantse mini cewa a wannan ɗaki, a waccan kujera, ya saurari Rachmaninov da kunnensa. Rachmaninov ya mutu a 1943, shekara takwas kafin a buɗe ginin. Na bar kaza cikin gashinta, na ce lallai ya ga duniya.

Malam Na-ga-jiya yana da ƙane, Mai Gyaran Baki. Shi ne ya kama ni a shekarata ta farko na karanta sunan Chopin yadda na gan shi a rubuce, na ce "Cofin". Bai ce na yi kuskure ba, ya fi ƙarfin haka. Jimla ya ƙirƙiro da gangan don ya maimaita sunan sau uku ta hanci, "Shofan", yana kallon silin. Na tambaye shi ko zai iya cewa "ƙwanƙwasa". Har yau yana bina bashin gaisuwa.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka koma. Kusa da ni Alaramma ne, da allonsa a cinya. Littafin kiɗan ne gaba ɗaya, mai ɗige-ɗigen nan baƙaƙe kamar an watsa kashin ɓera a kan layuka, da 'yar tocila kamar ƙwayar gero, da fensir. Al'adar gidan ita ce mai kiɗa ya zo da abinsa a ka, ba takarda, tun zamanin Franz Liszt da Clara Schumann. Kalmar ma da Turawan Ingila ke kiran irin wannan zama da ita, wadda aka fara tallata wasan Liszt da ita a Landan a 1840, ma'anarta kusan tilawa ce. To in ana tilawa dole a sami mai duba allo. Alaramma bai zo jin daɗi ba, ya zo kamun ɓata ne. Yatsansa na bin layi, kansa a duƙe, bai ɗaga ido ya ga mai kiɗan ba ko sau ɗaya. In yatsa ya zame ya taɓa haƙorin da ba shi ba, guda ɗaya cikin dubbai, sai ka ji ya ja numfashi ta hanci, ya yi ɗan zagaye da fensir, fuskarsa ta washe. Kuɗin tikiti ya fita. Ranar da na fi jin daɗinsa ita ce ranar da ya haɗa shafi biyu ya buɗe. Ya nemi mai kiɗa ya rasa, ya koma baya, ya yi gaba, takarda na ta faf-faf, Ɗan Doka ya juyo. Har aka tashi yana girgiza kai, alamar wai mai kiɗan ne ya yi tsallake.

Yanzu sai maganar tafi, wadda ta fi komai raba kan jama'ar gidan. Yawancin manyan kiɗan nan zango uku ne ko huɗu, a tsakaninsu akan ɗan tsaya, kuma doka ta ce ba a tafi sai an kai ƙarshen na ƙarshe. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba. Baƙo yakan san ta ne ta hanyar da na san ta. Daren farko, zangon farko ya ƙare da wani irin rugugi, mutumin ya ɗaga hannu sama, ni kuwa na ce wannan bawan Allah ya yi aiki. Na zuba tafi irin na filin ƙwallo. Uku na yi, na huɗun ya mutu a hannuna. Mutum dubu biyu, ni kaɗai. Na ji wuyoyi suna juyowa layi-layi kamar iska ta bi ta gonar dawa. Dattijon da ya kawo ni ya kafa wa takalminsa ido kamar bai taɓa ganina ba. In ka je gari ka ga kowa da jela, aka ce ka nemi taka ka ɗaura, amma ai sai an ga jelar.

Daga baya na karanta na gano an zalunce ni. Mozart da kansa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Faris a 1778 yana murna cewa mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗansa, har ya fita ya sayi askirim don farin ciki. A zamanin Liszt mata kokawa suke a kan safar hannunsa da hankicinsa da guntun sigarinsa, har marubuci Heinrich Heine ya raɗa wa abin sunan ciwo a 1844. Wato kiɗan ya girmi shirun. Waɗanda suka tsara shi sun fi kusa da gidan biki a Kano fiye da wannan zaman makoki. Duk da haka yanzu in wani baƙo ya yi irin tawa, wuyana yakan juya rabi kafin in kama shi. Allah ya shirye mu.

Baƙo ana yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne Riga-malam-masallaci. Shi ya san kiɗan sarai, ya san daidai inda zai ƙare, kuma burinsa a duniya kowa ya san ya sani. Kiɗan fiyano na ƙarshe cikin manya 32 da Beethoven ya tsara, wanda ya gama a 1822 kunnensa ya riga ya tafi, ba da rugugi yake ƙarewa ba. Lallaɓawa yake yana yin ƙasa har ya ɓace, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Mai kiɗa yakan bar hannunsa a kan haƙoran, kai a sunkuye, sautin na ƙarshe yana yawo a sama. Wannan daƙiƙa biyar ko goma ita na bar gidana na shiga sanyi dominta. Shi kuwa tun ana saura layi biyu ya ware tafukansa yana jira kamar mai kamun sauro, kafin sautin ya sauka ya kwatsa "Bravo!" Da za a ba ni sarautar gidan na kwana ɗaya, Sarkin Tari zan ba shi ruwan zafi da zuma, Iya in ɓare mata alewarta da hannuna, shi kuma a ɗaure masa hannu da igiyar guga tun daga ƙofa.

Mai Barci ba ya cutar kowa, shi ma jawo shi aka yi. Uwargida ce mai son kiɗa, shi daga ofis ya taho, ya ci abinci, ga ɗumi, ga duhu, ga kujera mai laushi. Ƙwararru a cikinsu sun iya zama: yatsa biyu a goshi, ido a rufe, gira a ɗan haɗe, ka ce kiɗan ne ya kai shi wata duniya. Sai kan ya fara saɗaɗowa ya faɗi, ya fizgo shi, ya gyaɗa sau biyu don a ɗauka yarda yake da mai kiɗa. Gwiwar hannun uwargida tana gefe a ɗane. In Bach ake kaɗawa, musamman dogon nan da ake kira Goldberg, mai juyi talatin da aka buga a 1741, wanda kan haura awa guda ba hutu, to yana da hujja. An daɗe ana ba da labarin cewa wani jakada mai fama da rashin barci ne aka tsara wa shi. Masana suna shakkar labarin, masu barci ba sa shakka. Da tafi ya tashi shi ke fara miƙewa, kuma ya fi kowa ƙarfin hannu.

Sauran sai dai a ambace su a wuce. 'Yan hagu, ɗaliban makarantun kiɗa da ke rububin kujerun gefen hagu don daga nan ake ganin yatsu, nasu yatsun na ta motsi a kan gwiwa. Uwar da ta kawo ɗan shekara bakwai da ɗan laƙataye a wuya, tana zungurinsa tana nuna dandamali, shi kuwa yana ƙirga fitilun sama. Saurayin da ya kawo budurwa don a ce ya waye, ya kwana yana haddace sunaye, ita kuma ashe shekara goma ta yi tana koyon fiyano. Mai Ƙuƙumi, wanda ke bin kiɗan da hanci yana kaɗa yatsa a iska. In ka harare shi ya ce ai Glenn Gould ma yana yi. Gould dai shi ke kiɗan, kuma ya gaji da 'yan kallo ya bar dandamali tun 1964 yana ɗan shekara 31. Sai Makararre, wanda aka tsare a ƙofa har zango ya ƙare, kuma kullum kujerarsa ce a tsakiyar layi, sai ya taka ƙafa goma sha huɗu yana ba kowace haƙuri.

Ƙarshen wasa gidan yakan rabu biyu. Rabi 'yan jirgi ne, tun kafin mai kiɗa ya gama rusunawa sun sa kwat, suna tafi suna tafiya, ido a agogo, Waterloo na kira. Rabi kuma 'yan gyara ne, irin matan da ba sa barin mai awo sai ya ƙara ɗan hannu. Shi ma mai kiɗan ya san wasan. Ya shiga ciki, ya fito, ya rusuna, ya koma, ya sake fitowa yana dafa ƙirji kamar baƙon da ake wa tayin abinci yana cewa alhamdu lillahi, alhali tun da rana ya shirya abin da zai ƙara. A fitowa ta uku ya zauna. Grigory Sokolov na Rasha ya saba ba da gyara har shida, kusan wani wasan ne daban, sai dai ya daina zuwa Ingila saboda ƙa'idojin biza, masu son sa sai su bi shi Faris ko Amsterdam. Abin kallo shi ne ɗan jirgin da gyara ta riske shi a bakin ƙofa: ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, hula a hannu, bai tafi ba, bai zauna ba.

Bara yayana ya zo daga Katsina bikin kammala karatun 'yarsa, na ce bari in kai shi ya ga abin da ke cinye mini kuɗi. Ya sha babbar riga da hula zanna, mutane sai ba shi hanya suke. Ya dubi jama'a cikin baƙaƙen kaya, ya dubi dogon baƙin akwatin da ke kan dandamali, ya matso kunnena.

"Kai, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Kiɗa za a yi."

"To ina maroƙinsa?"

Na ce ba shi da shi. Ya ce ina yaransa, na ce shi kaɗai ne. Ya girgiza kai ya ce Allah ya rufa asiri. Na roƙe shi abu uku: kada ya yi magana, kada ya yi tafi sai ya ga na yi, ya kashe waya. Ya cika biyu. A tsakiyar wani kiɗan Chopin, inda hannun hagu ke tafiya a hankali na dama yana zuba kamar ruwan farko, na ji ya ce "Allahu Akbar" can ƙasa-ƙasa. Ɗan Doka ya juyo, ya ga babbar riga, ya mayar da wuyansa.

Da aka gama na ga ya zaro fam ashirin yana neman hanyar sauka. Na riƙe masa hannun riga.

"Yaya, ba a liƙi a nan."

"Mutum ya yi awa biyu yana wannan aiki, da ka, ba wanda ya taya shi, a ce a tafa masa kawai? Tafi ake ci?"

Na ce an biya shi tun kafin ya fito, daga kuɗin tikiti. Ya mayar da kuɗinsa aljihu ba da son ransa ba. A jirgi ya yanke hukunci: yaron ya iya, mutanen ne ba su da kara.

Watan jiya ya bugo mini daga Katsina yana tambayar sunan kiɗan nan na wurin ruwan farko. Na tura masa. 'Yarsa ta ce yanzu shi ne ƙarar wayarsa, kuma ba ya ɗauka sai ya kai ƙarshe. Ya ce in zai dawo baɗi in nema mana kujerun hagu, yana son ganin yatsun.